Bimbinin Safe: Haƙƙin Ruwa da Inuwa

 

Mu mutanen kudancin Kano ba mu da teku. Daga Ƙafin Maiyaki zuwa gaɓar Legas tafiyar yini ce cur a mota har da ɗoriya, kuma da yawa cikin iyayenmu ba su taɓa ganin ruwan gishiri ba sai da aikin hajji ya kai su Jidda. Duk da haka Allah bai bar mu babu gaɓa ba. Wanda ya tsaya a bakin madatsar Tiga da sassafe ya miƙa idonsa kudu, zai ga ruwa har inda ganinsa ya ƙare, da duwatsu tsaye a cikinsa, da masunta suna tura kwalekwale don duba tarun da suka kwana da shi a ruwa. Wannan ita ce tamu gaɓar, kuma a kanta nake so mu yi bimbini yau, tare da sauran wuraren da Allah Ya ba mu don mu zauna mu huta ba tare da wani ya tambaye mu ko ɗan gidan wane ne mu ba.

An fara gina madatsar Tiga a 1971, aka gama a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Shekarun nan su ne na babban farin da ya halaka dabbobi a ƙasar Hausa da Sahel baki ɗaya, har tsofaffinmu suna ƙirga shekarun 'ya'yansu da shi. Aka tare Kogin Kano a ƙasar Bebeji, ruwa ya taru ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178, yana iya riƙe abin da ya kusa kai kubik mita biliyan 2. Daga nan ne babbar hanyar ruwa ke fita ta shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake samun tumatir da shinkafa da alkama a tsakiyar rani. Wannan alheri bai zo kyauta ba. Akwai ƙauyuka da gonaki da maƙabartu a ƙarƙashin ruwan nan, an tashi mutanensu an mayar da su wani wuri, kuma mutanen fadamun Haɗejiya da Nguru sun ga ambaliyar da suke noma da kiwo da su a kanta ta ragu. Ya kamata duk mai shan iska a bakin Tiga ya tuna cewa wasu sun bar kabarin iyayensu domin wannan ruwa ya samu wurin kwanciya, ya sa su cikin addu'a.

To amma ɗan'uwa, yaushe rabonka da ka je bakin ruwan nan ba don sayen kifi ba, ba don ban ruwa ba, sai don kawai ka zauna ka kalli aikin Ubangijinka? Na san amsar da yawancinmu za su bayar. Za a ce wannan ai zaman banza ne, aikin 'yan birni ne da 'yan boko masu yawon buɗe ido, mai iyali ina ya ga lokacin shan iska. Ina jin nauyin wannan amsa, domin manomin da ya fita tun kafin rana ta ɓullo, ya dawo ƙafa duk taɓo, ba shi da wani buri da ya wuce tabarma. Sai dai ina ganin mun ɗora wa kanmu wani tsanani da addininmu bai ɗora mana ba. Alƙur'ani cike yake da umarnin a duba: a dubi raƙumi, a dubi sama, a dubi duwatsu, a dubi ruwan da ke saukowa ya raya matacciyar ƙasa. Suratul Mulk da muke karantawa da dare ta ƙare ne da tambaya a kan ruwa, idan ya ƙafe ya nutse ƙasa wa ke da ikon dawo mana da shi. Mutumin da bai taɓa zama ya kalli ruwa da natsuwa ba, wannan tambaya za ta wuce ta leɓensa ba ta sauka a zuciyarsa ba. Duban da aka umarce mu da shi yana bukatar wuri, yana bukatar lokaci, yana kuma bukatar zuciyar da ba ta cikin fargaba.

Akwai wata rana a Madina da na fi son tunawa idan ana wannan zance. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita ya shiga wata gona da ke da rijiya, ana ce mata rijiyar Aris. Ya zauna a bakin rijiyar, ya yaye ƙwaurinsa, ya zura ƙafafunsa ciki. Abu Musal Ash'ari ya tsaya a ƙofa yana gadi. Sayyidina Abubakar ya zo ya nemi izini, aka yi masa bushara da Aljanna, ya shiga ya zauna a damansa, shi ma ya zura ƙafafu. Sayyidina Umar ya zo, aka yi masa irin wannan bushara, ya zauna a hagu. Da Sayyidina Usman ya zo bakin rijiyar ya cika, sai ya zauna daga ɗaya gefen yana fuskantarsu. Dubi mutanen da ke wurin. Su ne mafi nauyin aiki a bayan ƙasa a wannan zamani, ga yaƙi, ga shari'a, ga marayu da matalauta a wuyansu, amma ga su zaune a inuwar dabino, ƙafafu a cikin sanyin rijiya. Kuma a irin wannan zama ne aka yi musu busharar da ta fi kowace bushara. Haka nan an ruwaito cewa Manzon Allah yakan shiga gonar Abu Ɗalha mai suna Bairuha, wadda ke fuskantar masallaci, ya sha ruwanta mai daɗi. Ya yi tsere da Uwar Muminai A'isha a hanyar tafiya. Ya tsaya ta leƙa ta kafaɗarsa tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci ranar idi, bai gusa ba sai da ita da kanta ta ƙoshi. Da Salmanul Farisi ya ga Abud Darda'i yana neman kashe kansa da azumi da tsayuwar dare, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, kuma da maganar ta kai gaban Manzon Allah sai ya gaskata Salmanu. Wanda ya ɗauki 'ya'yansa da yamma ya kai su bakin ruwa, ya nuna musu zalɓe da kirinjijiya, ya ce musu Allah ne Ya yi wannan, bai ɓata yininsa ba.

Sai dai hutu yana bukatar wurin da za a yi shi, kuma a nan ne zuciyata take yin nauyi.

A da muna da Bagauda. An yi madatsarta kafin ta Tiga, aka gina masauki a bakin tafkin, mutane suna zuwa daga nesa su kwana su sha iska. A watan Agusta na 1988 ruwan sama ya yi yawa, madatsar ta ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Yau harabar masaukin ta zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Ilimi alheri ne, ba na ƙin sa, amma wurin da talaka ke iya kai iyalinsa ya ragu da ɗaya, kuma ba a musanya masa da wani ba. Muna da ginin otal ɗin Rock Castle da aka ɗora a kan dutse yana kallon ruwan Tiga. Muna da tsaunukan Riruwai a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, da ruwan Zainabi da ke zubowa daga kan dutse. Yara nawa ne a Kiru da Bebeji aka taɓa kai su suka ga waɗannan da idonsu?

Sannan ga Falgore. Tun zamanin Turawa aka keɓe dajin da sunan gandun Kogin Kano, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya ratsa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Hanyar Jos ta bi ta tsakiyarsa. Dattawan direbobi suna ba da labarin lokacin da gwanki da gadu ke tsallaka titi, birai suna zaune a gefen hanya suna kallon motoci. Ta cikin wannan daji Kogin Kano ke biyowa kafin ya zuba a Tiga, saboda haka kowace doka da kowane maɗaci da ke tsaye a can yana riƙe ƙasar da in ta zaizaye za ta zo ta cike madatsar da muke noman rani da ita. Amma mu da muka girma a wannan yanki mun san abin da sunan Falgore ya koma a bakin mutane. Ya zama wurin da direba ke cewa a yi addu'a za mu shiga daji, wurin da ɓarayin shanu da 'yan fashi suka mayar mafaka, har ta kai an kafa wa sojoji filin atisaye a ciki. Ana fita da itace da gawayi buhu-buhu. Allah Ya ba mu lambu mai girman da ƙasashe da yawa za su yi alfahari da shi, mu kuma muna ratsa shi a guje gilashi a rufe.

Idan ka tambayi mai sare bishiya a gandu, amsar da za ka ji ita ce wadda kowa ya sani: ai na gwamnati ne, ba na uban kowa ba ne. Da wannan magana aka cinye burtali, da ita aka yanka filin makaranta aka yi shaguna, da ita ake zubar da shara a bakin mashaya. Ina roƙon mu tsaya a kan wannan jumla da safen nan, domin ta saɓa wa abin da aka karantar da mu. An karantar da mu cewa mutane sun yi tarayya a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Abin da aka yi tarayya a kansa yana da masu shi fiye da kowace dukiya. Idan ka ci gonar mutum ɗaya, mutum ɗaya za ka nema ka roƙi gafara. Idan ka ci filin gari, da wa za ka fara? Akwai marayan da ke buga ƙwallo a wurin, akwai tsohuwar da ke hutawa a inuwar in ta dawo daga kasuwa, akwai Bafulatanin da ke bi da shanunsa, akwai jariran da ba a haifa ba tukuna. Dukansu za su tsaya a gabanka ranar da babu naira babu kobo.

Magabata sun san keɓe fili domin amfanin jama'a, suna ce masa hima. Manzon Allah ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malamanmu na zaure ke karantarwa, akwai wasiyyar da Umar ya yi wa bawansa Hunayyu lokacin da ya ɗora shi a kan gadin irin wannan fili. Ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya hana garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan, domin su in dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa sun mutu sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Umar yana kuka. Ka lura da waɗanda aka ce a tsayar a ƙofa: sahabbai biyu daga cikin waɗanda aka yi wa bushara da Aljanna. Ba a hana su don laifi ba, an hana su don suna da wani wurin. Wannan shi ne ma'aunin da Musulunci ya ba mu na filin jama'a: idan wuri ya yi kaɗan, wanda ba shi da komai shi ne farkon shiga.

Mu kuwa mun juya ma'aunin. Na taɓa tsayawa a ƙofar wani wurin wasan yara a birni ranar Sallah, na ga wani magidanci da 'ya'yansa sanye da sababbin kaya. Ya tambayi kuɗin shiga, ya ƙirga abin da ke aljihunsa, ya ƙirga kawunan yaran, sannan ya ce musu su zo su tafi, wai wurin ya cika. Ƙaramar cikinsu tana ta waiwayen lilo har suka sha kwana. Ban ga laifin mai wurin ba, jarinsa ya zuba. Laifin namu ne gaba ɗaya, da muka bar garuruwanmu suka girma babu ko fili ɗaya mai bishiyoyi da wannan bawan Allah zai kai 'ya'yansa kyauta. Gidan Zoo da Audu Bako ya gina a Kano a farkon shekarun 1970 har yau shi ne wurin da talakawa ke tururuwa da Sallah, kuma cunkoson da ake yi a ƙofarsa shaida ne na yawan masu bukata da ƙarancin wuraren. Waɗanda ke da teku ma ba su tsira ba. Mutanen Legas sun daɗe suna zuwa gaɓar Bar Beach, mai kuɗi da marar shi, har aka cike wurin da yashi aka fara gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Yau yawancin gaɓar da ta rage a can sai da kuɗin ƙofa. Abin da ya samu teku zai iya samun Tiga, idan ranar da masu kuɗi suka gano daɗin bakin ruwan ta zo ta same mu ba mu ce komai ba.

Kada mu ɗauka maganar ta manyan wurare ce kawai, wadda sai gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma zai iya. Kakanninmu ba su san kalmar wurin shaƙatawa ba, amma kowane gari yana da dandali inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari suna langa da kokawa bayan an kai amfanin gona gida. Kowace ƙofar fada tana da durumi ko ceɗiya, kowace kasuwa tana da tsamiya, kowace hanya tana da rijiya da inuwar da matafiyi zai sauke kaya. Babu wanda ya rubuta doka, amma babu mai sa gatari a jikin waɗannan itatuwa. Yanzu je ka duba dandalin unguwarku. A garuruwa da yawa an yanka shi fuloti, yaran sun koma buga ƙwallo a gefen titin da tireloli ke wucewa, ko sun tsuguna a lungu su biyar a kan waya ɗaya. Muna kukan tarbiyya ta lalace, muna kukan shaye-shaye, alhali mun ƙwace musu wurin da za su gaji da wasa a gaban idon manya.

Shari'a ta ɗauki inuwa da muhimmancin da ya kamata ya girgiza mu. An gargaɗe mu cewa yin bayan gida a hanyar mutane ko a inuwar da suke zama yana jawo tsinuwa. An ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya janye reshen ƙaya daga hanya. An yi mana alkawarin cewa duk wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a, gugansa daidai da gugan kowa. Mun iya gina masallaci, alhamdu lillahi, a wasu unguwanni har sun yi kusa da juna ƙwarai. Ina fata a samu attajirin da zai sayi fili a tsakiyar gari, ya dasa darbejiya da mangwaro, ya haƙa rijiya, ya rubuta takarda a gaban mai gari da limami cewa wannan waƙafi ne, ba a sayarwa, ba a gado, ba a gini, na yara ne da tsofaffi har abada. Wanda ba shi da kuɗin fili yana da ƙofar gida, kuma dashe ɗaya da kewayen ƙaya don awaki bai fi ƙarfin kowa ba. Wanda ba shi da ko wannan, yana iya ɗauke ledar da ya sha ruwa a ciki idan ya tashi daga inuwa.

Akwai waɗanda nake so mu tuna musamman, su ne iyayenmu mata da matanmu. Namiji ko ba komai yana da majalisa, yana da teburin mai shayi, yana da dakalin ƙofar gida. Mace tana tashi kafin kowa, ta kwanta bayan kowa, sararin samaniyar da take gani shi ne wanda katangar tsakar gida ta yanka mata. Akwai matar da aka aurar da ita tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Tiga, ta haihu ta aurar, ba ta taɓa ganin ruwan ba. Malam, in Allah Ya hore maka kuɗin mota, ɗauki iyalinka wata Juma'a da yamma ka kai su, cikin sutura da mutunci, ku shimfiɗa tabarma ku ci abin da kuka zo da shi. Ka riƙe hannun yara da kyau, domin ruwa ba ya wasa. Ba mu manta da kwalekwalen da ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamba na 2021 ba, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne. Kada ka shiga jirgin da aka cika fiye da ƙima, kada ka bar yaro ya yi wanka a babbar hanyar ruwa komai zafin rana, kuma ka ji maganar masunta idan sun ce nan akwai zurfi, su suka san ruwansu.

Ya Allah, Kai Ka saukar da ruwan da ya taru a Tiga, Kai Ka tsirar da itatuwan Falgore, Ka sa mu cikin masu gani su gode. Ka tsare masuntan da suka fita da asubar nan, Ka mayar da su ga iyalansu da abin sawa a tukunya. Ka tsare matafiyan da za su ratsa daji yau, da direbobinsu, da masu gadin da ke kwana a can. Ka shiryi waɗanda suka mayar da dajin mafakar ɓarna, in ba masu shiryuwa ba ne Ka kare mu daga sharrinsu. Ka jiƙan waɗanda ruwa ya ci a Bagauda da Bagwai, da waɗanda kaburburansu ke ƙarƙashin Tiga. Ka ba hakimanmu da dagatanmu da masu unguwanninmu ƙarfin zuciyar cewa a'a idan aka zo sayen filin yara. Wanda ya taɓa cin haƙƙin jama'a a cikinmu, da sani ko da rashin sani, Ka ba shi ikon mayarwa tun yana da rai. Amin.